Wai me ya haɗa mujallun bincike da diflomasiyya?

Malam, tambayarka kashi biyu ce in na fahimce ka daidai. Na farko kana cewa me ya haɗa buga muƙala a mujallar kimiyya da hulɗar ƙasa da ƙasa, tunda wannan aikin jakadu ne da ministoci, na biyu kuma kana so ka ji ko ya dace mujalla ta ƙi karɓar aikin masanan ƙasar da gwamnatinta ta tada yaƙi. Toh bari in amsa maka a matsayin wanda ya daɗe yana duba takardun mutane kafin a buga su, kuma ya zauna a kujerar edita.

Mujalla dai bata taɓa tsayar da yaƙi ba, duk wanda yace maka haka ya ƙara gishiri. Abun da take yi bai kai wannan girma ba amma yafi shi tabbas. Wuri ne da ƙasashen da basa ga maciji da juna zasu iya yarda da lamba ɗaya, kuma ƙofa ce da take zama a buɗe bayan an rufe ofishin jakadanci an kori ma'aikata. Sai dai ƙofar nan tana da masu ita, kuma masu itan suna zaune ne ƙarƙashin dokar wasu ƙasashe ƴan kaɗan, anan ne rigimar take.

Tun ranar farko haka abun yake. Mujallar Philosophical Transactions da ƙungiyar Royal Society ta Landan take bugawa har yau, an fara ta ne a 1665, kuma wanda ya fara ta, Henry Oldenburg, ba ma Bature ɗan Ingila bane, haifaffen Bremen ne a Jamus. Aikinsa shine rubuta wasiƙu zuwa ga masana a ko'ina cikin Turai, amsoshin da suke zuwa sune yake tacewa ya buga. A 1667 ana tsakiyar yaƙi da Holan sai aka kama shi aka kulle a Hasumiyar Landan na ɗan lokaci saboda ana zargin wasiƙun nan nasa na waje, kaga kenan tun wancan lokacin gwamnati tana kallon edita da ido biyu. Bayan shekara shida, a 1673, Ingila da Holan suna cikin wani sabon yaƙin, amma a wannan shekarar ce mujallar ta fara buga wasiƙun Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na Holan wanda yake leƙa ƙananan halittu da gilashin da ya goga da hannunsa. Jiragen ruwan ƙasashen biyu suna harbin juna, takardar mutumin kuma tana tsallaka ruwan ana fassara ta ana bugawa a Landan. Ita Royal Society ma ta naɗa sakataren hulɗa da waje tun 1723, kusan shekara 60 kafin gwamnatin Birtaniya ta naɗa nata ministan harkokin waje na farko a 1782.

Amma kar ka ɗauka masana waliyyai ne. Lokacin yaƙin duniya na farko ra'ayin Einstein, masanin da ke zaune a Berlin ta Jamus, cewa nauyin rana yana lanƙwasa haske, ya isa Ingila ne ta hannun Willem de Sitter dake Holan wadda bata shiga yaƙin ba, shi ya aika wa Arthur Eddington, Eddington kuma yaje tsibirin Principe ya auna husufin rana na 29 ga Mayu 1919, wata tawagar taje Sobral a Birazil, aka tabbatar da maganar masanin da ke zaune a Berlin. Ana son bada wannan labarin sosai saboda yana da daɗin ji. Abun da ba a cika faɗa ba shine a wannan 1919 ɗin dai masanan ƙasashen da suka ci yaƙi suka kafa wata majalisar bincike ta duniya a Brussels suka hana Jamusawa shiga, ba taro ba ƙungiya, kuma ba a ɗage wannan ba sai 1926. Masana ne da kansu suka yi wa ƴan'uwansu haka. Yana cikin dalilan da suka fara karya harshen Jamusanci a matsayin harshen kimiyya, wanda kafin nan duk mai karatun sinadarai dole ya iya shi.

Wani abun mamaki kuma, shirun mujalla ma saƙo ne. A 1942 wani matashin masanin Sobiyet, Georgy Flerov, ya shiga laburare yana duba mujallun Amurka da Ingila sai ya lura manyan masu bincike akan farfasa ƙwayar zarrar yuraniyom duk sun yi tsit, babu sabuwar takarda ko ɗaya akan batun da shekara biyu uku kafin nan kowa ke rububinsa, sai ya gane ai ba daina aikin suka yi ba, ɓoye shi aka yi, ya rubuta wa Stalin wasiƙa cewa mutanen nan bam suke haɗawa. Wato ƙasashe suna karanta juna ta cikin mujallu ko da an buga ko ba a buga ba.

Zamanin yaƙin cacar baka nan ne abun ya zama tsari sosai da kuɗin gwamnati. Sobiyet ta kafa wata katafariyar cibiya a 1952 mai suna VINITI wadda aikinta kawai tattara mujallun duniya da taƙaita su da Rashanci. Amurka kuma daga 1955 ta fara biyan kuɗi ana fassara mujallun kimiyyar fiziks na Sobiyet daga bango zuwa bango, bayan Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957 kuwa abun ya ƙaru sosai dan sun ga an sha gabansu alhali bayanan suna nan a buɗe cikin harshen da basa karantawa. Ba soyayya bace ta kawo wannan, tsoro ne, kowa na so ya san abun da ɗayan ya sani. Amma sakamakon shine masanan ɓangarorin biyu sun san sunayen juna da aikin juna shekaru kafin su taɓa gaisawa, ranar da aka haɗu a taro ba baƙi bane. Kuma akwai asara a ciki, dole a faɗa. Littafin Pyotr Ufimtsev na 1962 akan yadda igiyar lantarki take tarwatsewa idan ta bugi gefen abu, hukumomin Sobiyet basu ga wani sirri a ciki ba suka bari aka buga, sojan saman Amurka suka fassara shi, injiniyoyin Lockheed suka yi amfani da lissafin wajen ƙera jirgin F-117 wanda na'urar hango jirage bata gani da sauƙi. Dan haka idan jami'in tsaro yace bugawa a fili tana da haɗari ba ƙarya yake ba.

Misalin da ni nafi so shine na tokamak, na'urar da ake ƙoƙarin kunna irin wutar da ke ci a cikin rana a cikinta. A 1968 a wani taro a Novosibirsk masanan Sobiyet ƙarƙashin Lev Artsimovich suka ce na'urarsu T-3 ta kai zafin kusan digiri miliyan 10, mutanen Yamma suka ce anya kuwa, ma'auninku ne dai bai da kyau. Maimakon ayi ta musu sai Artsimovich ya gayyaci ƴan Birtaniya daga cibiyar Culham su zo Mosko da nasu kayan awon na leza su auna da kansu. Suka zo a 1969, suka auna, suka ga gaskiya ne, aka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Nuwamba na shekarar da sunayen ƴan Birtaniya da na ɗan Sobiyet a jere. Daga wannan takardar ce dakunan bincike na duniya suka juya zuwa tokamak, jami'ar Princeton ta Amurka ma ta sauya nata injin ya koma irinsa, kuma zaren nan ne ya kai ga Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyet suka yi maganar aikin haɗin gwiwa a 1985, wanda ya zama ITER, katafaren tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, inda Amurka da Rasha da Chaina da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai duk suke ciki. Ka lura da abun da takardar tayi. Da gwamnatin Sobiyet ce ta fitar da sanarwa babu wanda zai yarda, da jaridar Birtaniya ce ta faɗa za a ce siyasa ce. Abun da ya sa aka yarda shine an rubuta yadda aka yi awon dalla dalla, kowa zai iya bi ya duba, kuma abokan hamayya biyu sun sa sunansu a ƙasa.

Wannan shine babban aikin mujalla a teburin sulhu, tana samar da gaskiyar da ba ta kowa bace. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959 da ƙasashe 12 suka sa wa hannu, har da Amurka da Sobiyet, ta rubuta a fili cewa sakamakon binciken da aka yi a nahiyar za a yi musayarsa a bar shi a buɗe ga kowa. Maganar rufin ozon kuma, wato iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa, Mario Molina da Sherwood Rowland sun buga gargaɗi a Nature a 1974 cewa sinadaran CFC na firji da gwangwanin feshi suna cinye shi, kamfanoni suka yi ta musantawa, sai a 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka buga awon da suka daɗe suna yi a Antaktika wanda ya nuna ramin ƙuru ƙuru, 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, wadda daga baya babu ƙasar da bata amince da ita ba. Ban ce takarda biyu ne kaɗai suka yi wannan ba, akwai lissafin kasuwa da samun madadin sinadaran, amma jakadan da ya shiga ɗakin yana son yin gardama sai ya tarar gardamar ba akan ko ramin yana nan bane, akan wa zai biya ne da kuma yaushe.

Kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, da aka kafa a 1988, shi baya yin bincike ko ɗaya da kansa, mutane da yawa basu san haka ba. Abun da aka riga aka buga yake tattarawa ya auna, har da ranar rufe ƙofa yake sawa, takardar da ba a karɓa ba kafin wannan ranar bata shiga rahoton. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da suka kauce, a rahoton 2007 an rubuta cewa ƙanƙarar tsaunukan Himalaya zata iya narkewa kaf zuwa 2035, aka bi diddigi aka ga maganar ba daga mujallar da aka tantance ta fito ba, dole a 2010 suka fito suka amsa kuskure, masu adawa kuma suka riƙe wannan layi ɗaya suna dukan rahoton mai dubban shafuka dashi. Amma juya abun ta ɗaya gefen ka gani. Idan abun da aka buga ne kaɗai yake shiga rahoto, toh yankin da masanansa basa samun bugawa, farin da ake yi a can da ambaliyar da ake yi a can kamar basu faru ba ne a idon masu tattaunawa, wakilin ƙasar zai zauna yana cewa muna shan wahala a ce masa ina hujja. Shi ya sa ni bana ɗaukar maganar wa ke samun bugawa a matsayin ƙorafin malaman jami'a masu neman ƙarin girma, magana ce ta nauyin ƙasa a wajen ciniki.

Sai jerin sunayen marubuta, wanda mai karatu yake tsallakewa amma mu mun san nan ne ake yin siyasar. A 2015 ƙungiyoyin ATLAS da CMS na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, sun buga takarda ɗaya akan nauyin wata ƙanƙanuwar ƙwaya da ake kira Higgs, mai marubuta 5,154, shafi 33 ce, shafi 9 ne binciken, sauran 24 sunaye ne da jami'o'i, a ciki zaka ga ɗan Indiya da ɗan Pakistan, ɗan Amurka da ɗan Iran da ɗan Rasha duk a takarda ɗaya. A Jodan akwai cibiyar bincike ta SESAME da aka buɗe a 2017 wadda Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Saifurus da Masar da Pakistan duk mambobi ne. A 2016 mujallar Science Advances ta buga bincike akan dutsen Paektu mai aman wuta dake kan iyakar Koriya ta Arewa da Chaina, sunan farko a takardar na masanin Pyongyang ne, tare da ƴan Birtaniya da Amurka, kuma kafin a kai na'urorin auna motsin ƙasa can sai da aka daɗe ana neman izini saboda takunkumi. Wannan bai sauya komai a rikicin nukiliya ba, ko kaɗan. Abun da ya bari shine mutane ƴan kaɗan a kowane ɓangare da suka yi gardama akan jimla ɗaya har suka daidaita, suka san wane ne ke cika alkawari. Duk wanda ya taɓa rubuta takarda da wani daga nesa ya san sai kun yarda da juna akan data, akan wa zai zo farko, akan abun da baza ku faɗa ba, ƙaramar yarjejeniya ce sosai.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu yabon abun ba kai ba gindi. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna kamfanoni biyar ne suka buga sama da rabin takardun da aka yi wa rajista a 2013, irinsu Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis, kuma dukkansu a Yammacin Turai da Amurka suke. Manyan rumbunan da suke yanke hukuncin wace mujalla ce ake ƙirgawa, Scopus da Web of Science, suma na can ne. Sama da kashi 90 na abun da ke cikinsu na kimiyya da Turanci ne. Kamfani kuwa yana bin dokar inda yake zaune da kuma kasuwar da yake sayarwa. A 2003 ofishin takunkumi na baitulmalin Amurka ya yanke cewa gyara rubutun marubuci ɗan Iran, ko da gyaran nahawu ne, hidima ce da take buƙatar lasisi, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta shiga tsaka mai wuya, sai da masu buga littattafai suka kai ƙara kotu a 2004, Shirin Ebadi ƴar Iran mai lambar Nobel ta shiga ƙarar, kafin a watan Disamba aka sassauta wa Iran da Kuba da Sudan. A 2019 IEEE ɗin dai ta hana ma'aikatan kamfanin Huawei na Chaina duba takardu saboda sabon takunkumi, masanan Chaina suka yi ca, cikin ƴan kwanaki ta janye. Ta ɗaya gefen kuma a 2017 Cambridge University Press ta toshe muƙaloli kusan 300 na mujallar China Quarterly a cikin Chaina bisa buƙatar hukumomin can, abubuwan da suka shafi Tiananmen da Tibet da Taiwan, surutu yayi yawa ta dawo dasu, amma Springer Nature a shekarar ta toshe nata kusan 1,000 kuma ta kare matakin da cewa gara a rasa kaɗan da a rasa duka. In ka duba ƙasan takardun Springer Nature zaka ga wani ɗan layi da yake cewa su ba ruwansu da rigimar iyaka a taswira ko adireshin marubuci, wannan layin bai zo haka kawai ba, taswirar tekun kudancin Chaina da yadda za a rubuta Taiwan ko Kirimiya a adireshi sun isa su hana edita barci.

Kuɗi kuma shine takunkumin da ba a sanar dashi. Da can matsalar karatu ce, mujalla tana bayan katangar biyan kuɗi. A 2015 wasu jami'an lafiya, ciki har da babbar likitar gwamnatin Laberiya ta lokacin, Bernice Dahn, suka rubuta cewa sun gano wata takarda ta 1982 da masanan Jamus suka buga wadda tace ya kamata a lissafa Laberiya cikin yankin da cutar Ebola take, babu ɗan Laberiya ko ɗaya a marubutan, kuma bayanin bai taɓa isa ga likitocin ƙasar ba har annobar 2014 ta zo. Jinin mutanen ƙasar aka ɗiba, sakamakon ya tafi ya kwanta a laburaren Turai. An yi ƙoƙarin gyara, hukumar lafiya ta duniya ta buɗe shirin HINARI a 2002 da yake ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karatu kyauta ko da rahusa, ya girma ya zama Research4Life, yana da amfani sosai bana raina shi, sai dai kyauta ce, mai bayarwa yana iya janyewa. Sai aka koma tsarin buɗe wa kowa ya karanta, wanda yayi kyau, amma aka maida kuɗin kan marubuci, Nature ta sa yuro 9,500 akan takarda ɗaya a 2021. Wato da baka iya karantawa, yanzu kana karantawa amma baka iya magana. Akwai yafiya ga wasu ƙasashe, gaskiya ne, amma masanan ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi sun faɗa tsakiya, basu cancanci yafiya ba kuma basu da kuɗin. Ni a ganina hanyar da Latin Amurka ta bi da rumbun mujallu na SciELO tun ƙarshen shekarun 1990, inda jami'o'i da gwamnati suke ɗaukar nauyi mai karatu baya biya kuma a mafi yawan mujallun marubuci ma baya biya, ita tafi kusa da abun da ƙasashe 193 suka amince dashi a shawarar UNESCO ta 2021 akan buɗaɗɗiyar kimiyya, sai dai kwamitocin ƙarin girma a duniya har yanzu sunan mujallar Landan da New York suke nema.

Kuma ƙasashe suna lura da yadda ake saka wa wanda ya buɗe hannunsa. Ranar 11 ga Janairu 2020 Zhang Yongzhen na Shanghai tare da Edward Holmes na Sydney suka saki tsarin ƙwayar halittar korona a intanet tun kafin wata mujalla ta buga, cikin kwanaki aka haɗa gwajin gano cutar a Berlin aka fara tsara rigakafi a Amurka. A Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano nau'in Omicron suka sanar nan take, ladan da suka samu shine aka rufe wa yankinsu hanyar jirgi, har sinadaran da dakunan gwajinsu suke buƙata suka yi wuyar shigowa. Indonesiya ta riga ta ga irin wannan, a 2007 ta daina bada samfurin murar tsuntsaye tana cewa ana karɓa kyauta ana yin rigakafin da ita bata iya saye, aka yi shekaru ana tattaunawa kafin a cimma tsarin rabon amfani a 2011. Mujallu sun fara farkawa kaɗan, Nature da Lancet sun fito da matsayi a 2022 akan masu zuwa su kwashi data su tafi ba tare da sa masanan wurin ba. Kuma akwai lokacin da edita yayi abun da jakada ya kasa, ƙashin wata dabbar dainoso da aka sa wa suna Ubirajara an fitar dashi daga Birazil zuwa wani gidan tarihi a Jamus, aka buga takarda akansa a ƙarshen 2020, masanan Birazil suka tada ƙura cewa ba bisa doka ya fita ba, mujallar ta janye takardar, abun ya zama kaya mara amfani a hannun masu riƙe dashi tunda ba mai sake buga musu komai akansa, 2023 aka maida shi gida.

Toh kashi na biyu na tambayarka. Bayan Rasha ta shiga Yukren a Fabrairu 2022 manyan kamfanonin bugawa sun dakatar da sayar wa cibiyoyin Rasha da Belarus kayansu amma suka ci gaba da karɓar takardun masanan can, bisa ƙa'idar kwamitin ɗa'ar bugawa na COPE cewa ba a yanke hukunci akan takarda saboda ƙasar marubuci. Mujallu ƙalilan ne suka ƙi, kamar Journal of Molecular Structure. A CERN kuwa rigimar ta tsaya ne cak akan jerin sunaye, wasu sun ce baza su sa sunansu kusa da cibiyoyin da shugabanninsu suka goyi bayan yaƙin ba, gommai na takardu suka maƙale kusan shekara guda, sai a farkon 2023 aka daidaita cewa sunan mutum zai fito amma ba za a rubuta sunan cibiyarsa ta Rasha ba. Daga baya CERN ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Rasha a ƙarshen Nuwamba 2024.

Ra'ayina shine a raba mutum da hukuma. Gwamnati ko jami'a tana da damar yanke kwangila da kuɗi da aikin haɗin gwiwa da hukumar wata ƙasa, wannan siyasa ce kuma wurinta kenan. Amma takardar da ta zo teburin edita a duba ta da abun da ke cikinta, in awon daidai ne toh daidai ne, sai fa in binciken kansa an yi shi ta hanyar zalunci, kamar data da aka tara daga fursunoni ko tsirarun da basu da ikon cewa a'a, ko kayan da aka kwaso daga yankin da aka mamaye, wannan kam a ƙi shi ko daga ina ya fito. Na san masanin da aka rusa wa ɗakin bincike da bam ba zai ji daɗin wannan maganar ba, kuma bazan ce masa bai da hujja ba. Dalilina shine ranar da mujalla ta fara tambayar fasfo, abun da ya sa ake yarda da ita ya tafi, gobe in ta buga awon ozon ko na zafin duniya ɗaya ɓangaren zai ce ai mujallarku ce, kuma wanda aka kora baya daina bincike, gina nasa yake yi. Rasha ta dakatar da sharaɗin bugawa a mujallun Scopus da Web of Science ga masananta a 2022, Chaina wadda ta wuce Amurka a yawan takardu tun wajen 2016 tana zuba kuɗi a nata mujallun, takardun haɗin gwiwa tsakanin Amurka da Chaina sun fara raguwa tun wajen 2019, yarjejeniyar kimiyya da Carter da Deng Xiaoping suka sa wa hannu a 1979 ma da ƙyar aka sabunta ta a Disamba 2024, kuma an taƙaita ta ga binciken tushe kawai an cire fasahohin da ake ganin sun shafi tsaro.